Intanet Ɗaya, Kwamfutoci Da Yawa: Ina Za A Fara Dubawa In Ta Ƙi?

 

A wannan fitowar mun ɗauko maganar da ke haddasa rigima a gidaje da yawa, wato intanet ɗin da ake tarayya a kanta. Gida ɗaya, layi ɗaya, amma ga laftof ɗin Baba, ga tsohuwar kwamfutar tebur a falo, ga ta Yaya mai karatu a jami'a, ga kuma wayoyi ba iyaka. Ran da abu ya ƙi, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Kuma ba ta tashi ƙi sai ranar da aka matsu: daren da ɗan aji shida zai gwada tambayoyin JAMB, ko safiyar da sakamakon WAEC ya fito, ko ranar ƙarshe da aka ba malami ya tura makin ɗalibai. Daga nan sai a kwashi na'ura a kai wa mai gyara, a biya kuɗin mota, a biya kuɗin aiki, alhali sau da yawa gyaran bai wuce na minti biyar ba ga wanda ya san inda zai duba.

Kafin gyara, sai an san hanyar da saƙo yake bi. Akwatin nan mai 'yan fitilu da ke raba intanet, wanda ake kira rauta, a ɗauke shi kamar zauren gida. Duk wanda zai fita sai ta zaure, duk saƙon da zai shigo sai ta zaure. Mutanen waje adireshi ɗaya suka sani, na gidan gaba ɗaya. Rauta ce ta san wane ɗaki ya yi aike, ita ce kuma take miƙa masa amsarsa in ta dawo. Don kada ta ruɗe, duk na'urar da ta shigo sai ta ba ta lambarta ta cikin gida, kamar yadda ake ba kowane ɗalibi lambar kujera ranar jarrabawa. Ƙaramar MiFi ta aljihu aikin da take yi ke nan. Wayar da aka kunna wa hotsifot ita ma ta zama zaure. Kwamfutar da ke ba wata intanet ta kebul, haka.

To ashe hanyar gaɓa uku ce: daga kwamfuta zuwa zaure, zauren kansa, sai daga zaure zuwa waje. Aikin mai gyara shi ne gano gaɓar da ta katse. Kuma akwai tambaya ɗaya da ke rage rabin wahala, wadda yawancinmu ba ma yi saboda gaggawa: na'ura nawa ce ta ƙi? In duka ne, a ƙyale kwamfutocin, laifin na rauta ne ko na waje. In ɗaya ce tak sauran suna aiki, a ƙyale rauta, a zauna gaban wadda ta ƙi.

Mu fara da ranar da kowa ya rasa. Wannan ba ta da tsawo. A dubi fitilun rauta. In babu ko ɗaya, maganar wuta ce: ko an ɗauke, ko soket, ko cajar rautar ta ƙone, abin da ke yawan faruwa a inda wuta ke hawa da sauka. In za a sauya caja, a karanta abin da aka rubuta a bayan rautar, domin da yawansu bolt 12 suke sha, wasu ƙasa da haka, kuma cajar da bakinta ya shiga ba lallai ne ƙarfinta ya dace ba. In fitilu na ci, sai a tambayi data. Laifin daɗi ƙarewa. Alamar Wi-Fi tana iya ci gaba da nuna cikakken ƙarfi ko da babu ko megabayit ɗaya a layin, domin ƙarfin da take nunawa labarin tsakanin kwamfuta da rauta ne kawai, ba na abin da ke bayan zaure ba. Wannan shi ya fi yaudarar mutane. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta haɗe lambobin kamfanonin waya suka zama iri ɗaya: *323# don ganin ragowar data, *312# don sayen sabuwa, *996# don duba ko an haɗa layi da lambar NIN, tunda layin da ba a haɗa ba ana iya rufe shi. In rautar ba ta da wurin danna waɗannan lambobi, a zare sim ɗin a sa a waya a duba. Da wannan an jefi tsuntsu biyu, domin in sim ɗin ya buɗe shafuka a waya, an wanke kamfani, zargi ya koma kan rauta.

Kashewa da kunnawa ba camfi ba ne. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, tana cushewa, tana kuma ɗaukar zafi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu. A zare ta daga wuta, a ƙirga daƙiƙa talatin, a mayar, a ba ta kamar minti biyu ta kammala tashi.

Wani lokaci kuma babu abin da mutanen gida za su iya. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun katse a kusa da gaɓar Kodebuwa. Najeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma sun shiga matsala, har harkar banki ta tsaya wa mutane da dama. A irin wannan rana, ko ran da masu aikin titi suka tsinke wayar kamfani, duk taɓe-taɓen da za a yi wa rauta ɓata ta kawai zai yi. A leƙa a tambayi maƙwabcin da ke amfani da layi iri ɗaya. In shi ma kuka yake, sai haƙuri.

Yanzu ga inda aikin yake: kowa na hawa, kwamfuta ɗaya ta ƙi.

A fara da abubuwan da ake jin kunyar faɗa. Laftof da yawa suna da maɓallin da ke kashe Wi-Fi, mai hoton jirgin sama ko na eriya, kuma ƙaramin yaro na iya danna shi ba da saninsa ba. Kalmar sirri tana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma sifili da harafin O sun sha ruɗa mai karanta takardar da ke manne a gindin rauta. In an sauya kalmar sirri kwanan nan, kwamfutar na nan tana ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar, sai an sa ta manta da wannan Wi-Fi ɗin an shigar da sabuwa. In kuma ko sunan Wi-Fi ɗin ba ta gani alhali wayoyi na ganinsa, a tuna cewa Wi-Fi na tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 da 5 gigahaz. Tsofaffin laftof, irin na hannu da suka cika kasuwanninmu, wasunsu 2.4 kaɗai suke ji. Sai a shiga saitin rautar ko na hotsifot ɗin waya a mayar da shi 2.4. Mai kebul kuma ya duba ko ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul ɗin ya karye, ya kuma duba ko 'yar fitilar da ke bakin ramin tana ƙiftawa. Kebul ɗin da aka bi da shi ta ƙarƙashin ƙofa, ko ɓera ya ɗanɗana, yakan mutu a ciki alhali a ido lafiyarsa ƙalau.

In duk wannan daidai ne, lokaci ya yi da za a tambayi kwamfutar da kanta. A Windows, a danna maɓallin tambarin Windows tare da R, a rubuta cmd, a danna Enter. Baƙin allo zai fito. Kada ya tsorata kowa, ba ya cizo. A rubuta ipconfig. Cikin rubutun da zai zubo, layi biyu muke nema: lambar kwamfutar, a gaban IPv4 Address, da lambar zaure, a gaban Default Gateway.

A gida mai lafiya lambar kwamfuta takan fara da 192.168, ta zaure kuma ta kasance kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na'urorin Huawei. Kashi ukun farko na lambobin biyu ya kamata su zama iri ɗaya. In kuwa lambar kwamfutar ta fara da 169.254, an kama ɓarawo. Ma'anarta kwamfutar ta roƙi rauta lamba, ba ta sami amsa ba, sai ta laƙa wa kanta wata. Kamar ɗalibin da ba a ba lambar jarrabawa ba ya ƙirƙiro tasa: zai zauna, zai yi rubutu, amma takardarsa ba inda za ta. A rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, don ta sake roƙo. In ta sake dawowa da 169.254, ko kebul ne, ko rautar ta cika. Ƙananan MiFi da hotsifot na waya suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, sau da yawa wajen goma, kuma wayoyin gida kan cinye guraben tun kafin a buɗe laftof.

Akwai kuma kwamfutar da ke zuwa da lambar wani gida. Laftof ɗin da aka yi aiki da shi a ofis ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, wataƙila an rubuta masa lamba da hannu wadda ta dace da can. Ya dawo gida yana ta neman zauren da babu shi. A danna tambarin Windows da R, a rubuta ncpa.cpl, a buɗe bayanan hanyar da ake amfani da ita, a shiga sashen IPv4, a zaɓi ta karɓi lamba da kanta. Irin wannan laftof ɗin a duba masa saitin furoksi ma, domin wasu ofisoshi na bi da intanet ɗinsu ta wata kwamfuta ta tsakiya, wadda ba ta nan a gida.

To, lamba ta yi daidai amma shafi bai buɗe ba. Nan ne umarnin ping ke da daɗi. Shi ping sallama ce: kwamfuta ta aika ƙaramin saƙo sau huɗu, ta saurari amsa. A fara yi wa zaure sallama, misali ping 192.168.1.1, ko duk lambar da ipconfig ya nuna. In aka ga layuka masu farawa da Reply from tare da lokacin da amsar ta ɗauka, gaɓar farko lafiya. In aka ga Request timed out, tsakanin kwamfuta da rauta ne. Sai a wuce waje: ping 8.8.8.8, wadda lamba ce ta Google. In zaure ya amsa amma waje shiru, saƙo na maƙalewa a rauta ko a wurin kamfani. In waje ya amsa, sai gwaji na uku, da suna maimakon lamba: ping google.com. In lamba ta amsa suna ya ƙi, matsalar ta DNS ce.

DNS shi ne ma'ajiyar sunaye ta intanet. Mu suna muke riƙewa, na'ura kuwa lamba take kira, kamar yadda muke danna sunan Gwaggo a waya ba tare da mun haddace lambarta ba. In ma'ajiyar ta rikice, layi na nan, kuɗi na nan, amma ba wanda za a iya kira. Shi ya sa wani lokaci za a ga wata manhaja na aiki amma burauza ta ƙi. Maganin farko ipconfig /flushdns, wanda ke share tsofaffin sunayen da kwamfutar ta adana. In bai yi ba, a koma sashen IPv4 ɗin nan a rubuta 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS. A ganinmu wannan gwaji mai hawa uku ya cancanci kowane ɗalibi ya kwafe shi a bayan littafinsa na kwamfuta, domin ya fi yawancin abin da ake haddacewa don jarrabawa amfani a gida.

Wata ƙaramar aba da ke sa a zagi kamfani a banza ita ce agogo. In burauza na ta gargaɗi cewa shafi ba amintacce ba ne, kowane shafi aka buɗe, a kalli kwanan wata a kusurwar allo. Tsohuwar kwamfutar tebur tana da ɗan batiri mai kama da kwabo a cikinta, CR2032, wanda ke riƙe lokaci in an kashe ta. In ya mutu sai ta farka a wata shekarar da ta wuce, takardun shaidar shafukan kuma su ƙi dacewa da kwanan watanta. A gyara agogo, a sayi batiri, magana ta ƙare.

Sai gidajen da babu rauta sam, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar intanet ta modem ko ta wayar da aka jona da USB, sannan ta ba ta biyu ta kebul. Windows na da wannan tsari tun da daɗewa, amma yana da tarko. Na farko, ana kunna rabon ne a kan hanyar da intanet ke shigowa, wato modem ɗin ko wayar, ba a kan ramin kebul da ke zuwa kwamfuta ta biyu ba. Mutane da yawa suna juya abin. A ncpa.cpl, a buɗe bayanan hanyar da ke da intanet, a shiga Sharing, a ba da izini, a zaɓi ramin kebul a matsayin wanda za a ba. In ya kama, uwar za ta ba ramin kebul ɗinta lamba 192.168.137.1, 'yar kuma ta sami lamba mai farawa da 192.168.137. In ipconfig a kan 'yar bai nuna haka ba, rabon bai kama ba, ko kuma an rubuta mata lamba da hannu. Na biyu, uwar ita ce zaure, in ta yi barci kowa ya kwana a waje. Rufe murfin laftof kaɗai ya isa ya katse ɗan'uwa a tsakiyar cike fom, don haka a gyara saitin barcinta. Na uku, yakan faru bayan an kashe uwar an kunna rabon ya tsaya, alhali alamar izinin na nan. A cire alamar, a adana, a mayar da ita. Wasu manhajojin kashe ƙwayar cuta ma kan toshe wannan rabo, sai an ba shi hanya a cikin saitinsu.

Gaskiya in kwamfutocin duka suna da Wi-Fi, mun fi son hotsifot ɗin da ke cikin Windows 10 da 11. Ya fi sauƙi, yana ɗaukar na'urori takwas. Sai dai yakan kashe kansa in ya ga ba kowa a kai, kamar yadda na waya ke yi, kuma ana iya hana shi a saiti.

Babban gida mai sassa, inda aka ja kebul zuwa rauta ta biyu don sabis ya kai sashen baya, yana da tasa cutar. In aka bar rautocin biyu kowacce na rabon lamba, an yi sarki biyu a gari ɗaya. Wata kwamfutar ta karɓi lamba daga ta farko ta yi aiki, wata ta karɓa daga ta biyu ta ɓace, gobe kuma su yi musanya, har a fara cewa gidan ne ke da iska. Gyaran shi ne a shiga saitin ta biyu a kashe mata DHCP, wato aikin rabon lamba, a ba ta lambar da ba ta yi karo da ta farko ba, a kuma sa kebul ɗin a ramin da aka rubuta LAN, ba WAN ba. Kebul ɗin kada ya wuce mita 100, nan ne iyakarsa.

Saura kukan da ya fi yawa, cewa tana aiki amma kamar tafiyar hawainiya. Famfo ɗaya ne, bokitai da yawa. In layi na kawo megabit 10 a daƙiƙa, na'ura biyar suka buɗe baki lokaci ɗaya, kowacce biyu za ta samu in an yi adalci, kuma ba a cika yi ba. A lura ma megabit ba megabayit ba ne, takwas na farkon ke yin ɗaya na biyun, don haka megabit 10 bai wuce megabayit 1.25 a daƙiƙa ba. Mai kallon bidiyo mai tsananin haske na iya shanye fiye da gigabayit 1 a awa guda. Amma babban mai sha a ɓoye shi ne kwamfutar da ta daɗe ba ta hau intanet ba. Da ta ji Wi-Fi sai ta fara sauko da sabuntawar Windows, ba sallama ba neman izini, datar wata ta tafi a yini. A shiga bayanan Wi-Fi ɗin a kunna Metered connection, wato a shaida mata cewa datar nan a kan awo take. Ba muna cewa a daina sabuntawa ba, tana toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi. A dai zaɓar mata lokaci, kamar dare in akwai garaɓasar data.

Wurin da aka ajiye rauta ma magana ce. Bangon siminti, ƙofar ƙarfe, firiji, tankin ruwa, duk suna cin sabis. Zangon 5 ya fi sauri amma bai kai 2.4 ratsa bango ba. Rautar da aka ɓoye a bayan talabijin ko cikin durowa saboda yara, an ɗaure mata baki ne. A ɗaga ta sama, a tsakiyar gida, in mai sim ce kuma kusa da taga.

Sannan a ƙirga baƙi. A rubuta lambar zaure a burauza, a shiga da sunan da kalmar da ke jikin rautar, a nemi jerin na'urorin da ke haɗe. In gida na da bakwai aka ga goma sha biyu, kalmar sirri ta zaga unguwa. Ba sai an yi faɗa da kowa ba, a sauya ta kawai, a sa mai tsawo wadda ba lambar wayar Baba ba ce, ba kuma sunan auta ba. A sauya ta shiga saitin rautar ita ma, domin da yawa suna fitowa daga kamfani da admin, kuma duk yaran unguwa sun san haka.

Akwai ɗan rami a bayan rauta da aka rubuta wa Reset, wanda ake dannawa da tsinke. Mun bar shi a ƙarshe da gangan. Riƙe shi na kamar daƙiƙa goma yana goge komai: sunan Wi-Fi, kalmar sirri, har da saitin da ke haɗa rautar da kamfani in da hannu aka shigar da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kada a taɓa shi sai an gwada duk na sama, an ɗauki hoton shafukan saitin da waya, an kuma nemi izinin mai rautar.

In abin ya kai ga kiran kamfani, lambar ita ce 300 a duk layukan Najeriya. A riƙe lambar sim ɗin da ke cikin rautar a hannu, a faɗa musu kalar fitilar da ke ci, da ragowar data, da cewa zaure ya amsa ping amma 8.8.8.8 bai amsa ba. Kafin a ajiye waya kuma a nemi lambar ƙorafin a rubuta, don in an sake kira gobe kada a koma farko.